Don Allah a kawo likita ya yi mana bayanin faɗuwar gaba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali. Ni mai sauraron shirinku na lafiya ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Kun yi hawan jini kun yi siga, maleriya kam ba adadi, amma akwai ciwon da ban taɓa jin kun taɓo ba kuma wallahi yana cin mutane a ɓoye.

Ni a kasuwar Gujungu ya fara kama ni, ina tsaye ana auna min gero ba wanda ya ce min kanzil, kawai gabana ya yanke ya faɗi zuciya ta hau dukan uku-uku numfashi ya ƙi isa gumi ya karyo, yatsuna kamar ana tsira musu allura, na tsuguna ina kalmar shahada don na gama sallamawa tafiya ce ta zo. Bayan kamar minti 20 ya sake ni, sai kunyar jama'a.

A gida Inna ta ce gamo na yi, Baffa ya ce sammu ne. An sha rubutu an yi hayaƙi an yi ruƙiyya, ban raina addu'a ba har gobe ina yi, amma abu ya ci gaba da dawowa. Mai kemis kuma ya ce taifot ne ya ɗura min ruwa leda biyu. Abin da ya fi ciwon kansa muni shi ne tsoron kar ya dawo, na daina zuwa kasuwa, ran Juma'a sai sahun ƙarshe bakin ƙofa, abokai suna ta tsiya wai gardi guda na tsoron inuwarsa.

Sai da ƙanina ya ja ni Kano. Likita ya gwada zuciya da hawan jini, ya sa aka duba jini ko matsalar maƙoƙo ce don ita ma tana kawo irin haka, duk lafiya. Ya ce ka san yadda jikinka ke yi in ka yi kiciɓis da kububuwa a gona? Wani sinadari adirenalin ke zuba a jini ya shirya ka gudu, to naka jikin yana yin wannan shirin ne alhali ba maciji. Hakin da kake yi da sauri shi ke kawo jirin da mutuwar yatsu, yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara sauka, kuma shi kansa ba ya kisa. Malam Edita ranar na yi barci.

Ya koya min jan numfashi a hankali in sake shi a hankali, ya ce in rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzarin nan da samari ke sha, in riƙa komawa kasuwa kaɗan-kaɗan don gudun wurin ƙara wa tsoron ƙarfi yake. Maganin da ya ba ni ma sai da ya yi makonni kafin na ga aikinsa, ya ce kar in yanke shi da kaina.

Ya ce mata sun fi maza samunsa, sai na tuna amare nawa aka ce aljanu suka shafa a garinmu. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ga na Dawanau ga sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, amma mutanenmu da sun ji sunan sai su ce ai na mahaukata ne, wa zai kai 'yarsa a hana ta miji. Shi ya sa nake roƙo ku gayyato likita ya yi bayani da Hausa, ya kuma ja kunne cewa mai ciwon ƙirji ya je a duba shi tukuna kar ya ce firgici ne kawai. In da hali a sa shirin bayan isha'i, lokacin an dawo daga gona mata ma sun gama aiki.

Naku mai sauraro, daga ƙasar Ringim, jihar Jigawa.