Ƙanƙanta injin tabain ba ya rage wahalar boris da sil

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Jidda nake rubuto wannan wasiƙa, domin jan hankalin matasanmu masu koyon gyaran inji a nan Saudiyya, waɗanda ke ɗaukan ƙaramin injin tabain mai aiki da iskar gas (injin da iska mai zafi ke juya fukafukansa) tamkar babba ne da aka rage wa girma.

Babban tabain na tashar lantarki a ƙasar nan yana juyi 3,600 a minti, amma ƙaramin, irin Capstone C30, yana kaiwa 96,000, saboda dole bakin fukafukansa ya yi gudun da zai matse iska yadda ya kamata. A irin wannan gudu, ƙwallayen ƙarfe na boris, wanda sandar inji ke juyawa a cikinsa, suna danna zobensu na waje da ƙarfi har su yi zafi, shi ya sa ake komawa ga ƙwallayen yumbu na silikon naitiraid, waɗanda nauyinsu bai kai rabin na ƙarfe ba, ko kuma boris na iska wanda ba ya buƙatar mai ko kaɗan.

Matsalar sil, wato zobe mai haƙora da ke kewaye sandar inji don rage yoyon iska, ta fi ɓoyuwa. Ratar da ke tsakanin haƙoran sil da sandar inji ba ta raguwa daidai da girman injin, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Ratar da babban inji ba zai ji ba, sai ta zubar wa ƙaramin da kaso mai yawa na iskarsa. Ga kuma ƙurar hamadarmu, wadda ke cin haƙoran idan matatar iska ta lalace.

Ina roƙon jaridarku ta buɗe fili ga injiniyoyinmu su yi bayanin wannan da Hausa.

Wassalam,
Wani makaniki mazaunin Jidda