Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda kan lafiyar masu shimfiɗa wayar faiba

Mai girma Ƙaramin Jakada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na ɗaya daga cikin Hausawan da ke neman halal a aikin shimfiɗa wayar faiba tsakanin Jidda da Makka, wato wayar nan mai zaren gilashi da ke kai intanet gidaje da ofisoshi ta hanyar haske. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da shirinta na raya ƙasa na 2030 a shekarar 2016 aikin nan ya bunƙasa, har wayar ta kai ga gidaje sama da miliyan 3.5, kuma matasanmu da yawa suna ciki, wasu a haƙa, wasu a jan waya, kaɗan a haɗi. Manyan kamfanonin sadarwa suna da ƙa'idojin kariya a rubuce, da Larabci da Turanci. Sai dai kwangila tana bin hannu bayan hannu, kuma kafin ta iso ga yaron da ke riƙe da shebur, sau da yawa abin da ya rage daga ƙa'idojin nan hular kwano ce da riga mai ƙyalli. Abin da ya fi damuna shi ne manyan haɗuran wannan aiki ido ba ya ganinsu, don haka wanda ba a gaya wa da harshen da yake ji ba, ba shi da yadda zai yi ya kiyaye.

Zaren gilashin da ke cikin wayar kaurinsa maikiron 125 ne, kusan silin gashi ɗaya. Duk lokacin da za a haɗa zare biyu sai an feƙe rigar, an goge, an datse bakin, kuma kowace datsa tana barin ɗan guntun gilashi mai tsini wanda da ƙyar ake hango shi ko a farar rana. Yana shiga fata kamar ƙaiƙayi, amma shi ba ya fita da wanka, yakan karye a ciki ya kumbura. Na sha ganin an gama haɗi a bayan mota a kan kwali, an kaɗe kwalin da tafin hannu, sannan an baje burodin tamis da waken ful a kansa an zauna ci, wani ma yana murza ido saboda gumi. Gilashin da ya shiga ido ko ya bi abinci ya sauka ciki ba ƙaramin al'amari ba ne. Maganin kuwa mai araha ne ƙwarai: a yi aikin a kan baƙar shimfiɗa don guntun ya fito fili, a ɗauke shi da hantsaki ko salatif a jefa a gwangwani mai murfi, a sa tabarau mai kariya ta gefe, a wanke hannu kafin a taɓa fuska ko abinci, kuma kada a ci ko a sha a inda ake yanka.

Haka batun hasken. Hasken leza da ke gudana a wayoyin gidaje yana kan tsawon zango na nanomita 1310, 1490 da 1550, duk kuwa a wajen abin da idon ɗan Adam ke iya gani. Saboda haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, mutum kuma ba ya jin zafi nan take. Sabon yaro yakan ɗaga bakin waya ya leƙa don ya ga ko "akwai wuta", ya ga duhu, ya ce babu, alhali tana ɗauke da haske. A layin gida ƙarfin ba shi da yawa, amma a manyan layukan da ake ƙara wa ƙarfi, ko idan aka duba da madubin ƙara girma marar tacewa, ana iya yi wa ido lahanin da ba ya gyaruwa. Na'urar auna haske ce ke faɗin ko layi na aiki, kuma kowace waya a ɗauke ta a matsayin mai haske har sai na'ura ta nuna akasin haka.

Ranka ya daɗe, inda rai ya fi salwanta shi ne cikin manhol, ramin nan mai murfin ƙarfe da ke tsakiyar titi. Ramin da ya daɗe a rufe yana iya rasa isasshiyar iskar oksijin, kuma ma'aunin da masana kariya suka yarda da shi shi ne idan ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari ba a shiga. Yana iya tara iskar gas mai kama wuta, ko iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga ruwan kwata, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali lokacin ne ta fi muni. A Jidda, inda ruwan ƙasa ke kusa kuma ruwa kan kwanta a ramuka bayan an yi ruwan sama, wannan ba baƙon abu ba ne. Wani lokaci janaretan da aka ajiye a bakin ramin ne ke tura hayaƙinsa ciki. Ga kuma na'urar haɗi da ke narka gilashi da tartsatsin lantarki, ga alkohol ɗin goge zare mai saurin kamawa, wani kuma ga sigari a baki. Ƙa'ida ita ce a auna iskar kafin a shiga, a ci gaba da aunawa, a sa fanka mai hura iska ciki, a ɗaura wa mai shiga ɗamara da igiya, mutum ɗaya kuma ya tsaya a sama ba ya gusawa. Abu ɗaya ne nake so kowane Bahaushe ya ji da kyau, domin ya saɓa wa tarbiyyarmu ta kai ɗauki: idan ɗan'uwanka ya faɗi a ciki, kada ka diro. A ja shi da igiya, a kira 911 ko 'yan kwana-kwana a 998. Iskar da ta kayar da shi ba za ta ƙyale mai ceto ba, kuma haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Sauran haɗuran sanannu ne, ba sai na tsawaita ba. Ramin haƙa da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi yana buƙatar tokari ko a kwantar da gefensa, domin ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ta haura tan guda a nauyi. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki, amma sulken ƙarfen da ke jikin wasu wayoyin yana ɗauka, haka tsanin ƙarfe kusa da wayar wuta, haka diga idan ta sari wayar lantarkin da ke binne. Dokar ƙasar nan ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma na ga ƙananan 'yan kwangila da ke kiran aikin yau da kullum gyaran gaggawa don su kauce mata, yaran kuma ba su san akwai lambar 19911 ta ma'aikatar ƙwadago da ake kai ƙara ba.

Rashin sanin nan ya fi ciwo bayan an ji rauni. Ma'aikaci baƙo mai rajista yana da inshorar haɗarin aiki a GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, kuma mai aikin ne ke biyan kashi 2 cikin ɗari na albashi dominta. Ana so wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 7, shi kuma mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 3. Yaranmu da yawa sukan ɗaure hannu da tsumma su yi shiru don tsoron kafili ko tsoron a sallame su, har lokaci ya ƙure.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne ofishinka ya jagoranci mayar da waɗannan ƙa'idoji da haƙƙoƙi zuwa Hausa, musamman a gajerun saƙonnin murya da za su yawata a WhatsApp, domin da yawa daga cikin masu haƙa ba sa karatun boko, kuma murya za ta isa har ga 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da waɗanda takardunsu ba su cika ba, waɗanda su ma rayukansu abin kiyayewa ne. Ina kuma roƙon a gayyaci shugabannin al'ummarmu na Jidda da na Shara Mansur a Makka, a zauna da su kafin zafi ya shigo, sannan a ware jami'in da wanda ya ji rauni a wurin aiki zai iya tuntuɓa ya nuna masa ƙofar da zai bi a hukumomin Saudiyya. Mu da muka daɗe a aikin a shirye muke mu zo da na'urar auna iska, da ta auna haske, da guntayen waya, mu nuna wa matasa da hannu a duk ranar da ofishinka ya tsayar.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Najeriya mai aikin haɗa wayar faiba, Jidda