Amsa ga mahaifin da ya tambaye ni game da fiziks da aure

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron iyaye da malamai ka tambaye ni a gaban jama'a: 'yarka tana son karanta fiziks, to me amfaninsa tunda aure za ta yi ta haihu? Ka ce in nuna maka mace ɗaya da ta haɗa biyun. Ga ta: Kathleen Lonsdale.

An haife ta a ƙasar Ailan a 1903, ita ce auta cikin 'ya'ya goma. Tana shekara biyar mahaifiyarta ta kwashe su zuwa Ingila, cikin rashi. Makarantarsu ta 'yan mata ba ta koyar da fiziks, sai ta riƙa zuwa ta maza ɗaukar darasin. A 1922 ta gama digiri a Kwalejin Bedford ta Landan da sakamakon da ya ja hankalin William Henry Bragg, wanda shi da ɗansa suka ci kyautar Nobel a 1915. Ya ɗauke ta aiki.

Aikin kuwa shi ne leƙa cikin kiristal. Gishiri, sukari da daimon duk kiristal ne, wato ƙwayoyin zarra a cikinsu jere suke sahu-sahu bisa tsari ɗaya mai maimaituwa. Ido ba ya ganinsu. Amma idan aka haska kiristal da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, hasken yakan watsu ya bar ɗige-ɗige a jikin fim. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da ƙarfinsa ake lissafo mazaunin kowace ƙwaya. Babu kwamfuta a lokacin, da hannu ake yi, watanni ana abu ɗaya.

Ta auri Thomas Lonsdale a 1927 suka koma Leeds. A can, tana matar aure, ta yi aikin da ya fitar da sunanta. Masana sun daɗe suna gardama kan benzin, sinadarin da ƙwayoyinsa ke haɗe kamar zobe, zoben da ke cikin magunguna da rini da robobi: shin zoben nan mai ƙwayoyin kabon shida shimfiɗe yake ko a lanƙwashe? Benzin ruwa ne, don haka ta yi amfani da wani danginsa mai daskarewa, a 1929 ta nuna shimfiɗe yake. Bragg kansa yana ganin a lanƙwashe yake. Ta bi abin da lissafi ya ba ta, shi ma ya karɓa.

A nan nake so ka tsaya, Alhaji. Ta haifi 'ya'ya uku tsakanin 1929 da 1934, kuma ba ita kaɗai ta ɗauki nauyin ba. Mijinta ya ƙarfafa ta kan kada ta bar bincike, yana kama mata aikin gida. Tana reno tana lissafi a gida. Bragg kuma ya nemo mata fam 200 don ta ɗauki mai taya ta aiki ta koma ɗakin bincike. Ni a ganina waɗannan mutum biyu suna da lada a duk abin da ta gano daga baya.

A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi wata guda a kurkukun Holloway, saboda aƙidarta ta ƙin yaƙi ta hana ta yin rajistar aikin tsaron farar hula, ta kuma ƙi biyan tarar fam 2. A 1945 ita da Marjory Stephenson suka zama mata na farko da aka zaɓa cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 1949 ta zama farfesa mace ta farko a University College London. A ƙarshen aikinta ta koma binciken tsakuwar ƙoda da ta mafitsara, ciwon da mu ma muka sani. Ta rasu a 1971.

Ba na ce maka 'yarka za ta zama Lonsdale ba, wannan sai Allah. Abin da na gani a aji shi ne tana da kan lissafi, kuma ba ta gajiya da tambaya. Roƙona biyu ne: ka bar ta ta cike fiziks a fom ɗin JAMB, sannan idan manema suka zo, ka sa maganar ci gaba da karatunta cikin abin da za ku tattauna da waliyyan mijin tun kafin a sa rana.

Allah Ya yi mata albarka. Na gode.

Malamin fiziks na 'yarka