Wasiƙa zuwa ga Aminina Malam Sani a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya kasuwa? Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Mu nan Kano lafiya lau, sai hunturu da ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso, na kuma ga damuwarka. Ka ce me ya kai Musulmi, ma'aikacin jinya, ya koma karatu ya rasa abin da zai yi bincike a kai sai bori da bokaye. Ban ji haushi ba, don na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Aƙidata tana nan inda ka san ta. Girka da yanka wa iskoki ba hanyata ba ce, ba na kuma tura kowa can. Marasa lafiyata ne suka ja ni, domin kafin su iso wurina can suke fara zuwa.

Kwanakin baya an kawo mana wani saurayi da ya daina barci, yana magana shi kaɗai. Na tambayi mahaifiyarsa ko sun nemi magani a wani wuri, ta ce ba su je ko'ina ba. Da na ɗaga ƙafar wandonsa zan duba shi, sai ga tabon mari zagaye da idon sawunsa, ga laya a damtse, ga ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Na ja kujera na zauna, na ce, "Inna, wa ya fi taimaka muku a cikin waɗanda kuka gani?" Nan take bakinta ya buɗe. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an kai shi wurin wata 'yar bori, daga baya aka ɗaure shi a gidan wani mai magani. Kusan shekara biyu ke nan, har gonarsu sun sayar. Ta ɓoye ne don ta saba idan ta faɗa a asibiti tsawa za a yi mata.

Wannan fanni na nazarin iskoki da masu maganin gargajiya ya daɗe a jami'o'in duniya. Ya samo tushe daga nazarin masu maganin Sibiriya, waɗanda ake kira shaman. Shi shaman ganga yake bugawa har ya fita hayyacinsa, mutanensa su ce ruhinsa ya yi tafiya don ya dawo da kurwar mara lafiya. A bori kuwa iska ce ke zuwa ta hau mutum, shi ya sa ake ce masa doki, mace kuma goɗiya. Wani mai bincike, Fremont Besmer, ya zauna da 'yan borin Kano, ya rubuta a 1983 yadda garaya da buta ke kiran kowace iska da kiɗanta da kirarinta, da yadda aka tsara Jangare, birnin iskoki, gida-gida, da sarki da fadawa kamar masarauta. Adeline Masquelier ta yi irin wannan aiki a Dogondutsi ta Nijar.

Tambayar da ta fi riƙe ni ita ce, me ya sa wasu ke samun sauƙi a hannun masu maganin gargajiya? Claude Lévi-Strauss ya duba waƙar da mai maganin mutanen Kuna na ƙasar Fanama yake rera wa macen da naƙuda ta yi wa tsanani. A 1949 ya ce waƙar tana ba ciwon suna da labari, sai abin da ba shi da kai ba shi da gindi ya zama abin da mace za ta iya jurewa. I. M. Lewis, wanda ya yi aiki a Somaliya, ya ce sau da yawa matan da ba su da bakin magana a gida ne iska ke kamawa, ta bakin iskar suke faɗin abin da ke cin su. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin na ga matan da babu abin da suka rasa kuma abin ya same su. Amma ka dubi matar da kishiya ta sha mata kai, ta rame, ba mai tambayarta. Ranar da aka ce iska ce, dangi su taru, a yi mata ɗinki, a dafa abinci, a kwana kusa da ita. Mu a asibiti minti biyar muke ba ta, mu rubuta ƙwaya, mu kira na gaba. Wannan yana damuna ƙwarai, Malam Sani.

Sai dai akwai inda nake tsayawa, ko da wasu malamanmu na jami'a sun fi son a yaba komai na gargajiya. Farfaɗiya tana da magani mai araha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita, amma yaro zai yi shekaru yana faɗawa wuta ana cewa bugun iska ne. Jijjigar mai ciki hawan jini ne ke kawo ta, allurar magnesium sulphate ke ceton rai, kuma duk sa'ar da aka ɓata ana turare tana iya tafiya da uwa da ɗa. Mari da bulala kuwa zalunci ne, ko a gidan wa aka yi su.

To yaya za a yi, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200? Masu magani kuwa kowace unguwa akwai su. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro ta Abeokuta: ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Na baya-bayan nan ma ya shafi garinku. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ibadan da yankin Kumasi da marasa lafiya 307 masu taɓin hankali, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020. Ma'aikatan ƙananan asibitoci ne ke zuwa har gidan mai magani ko wurin addu'a, su ba da magani, shi kuma ya ci gaba da nasa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi musu haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙi a fili. Irin wannan nake so in ga an gwada a nan, da malaman ruƙiyya da masu saiwa da duk wanda jama'a suka amince da shi. Ba zai yiwu ba sai mun san su, mun san abin da suke yi, mun iya zama da su ba tare da raini ba.

Ina da roƙo. Ka tambayar mini a zango, idan mutum ya taɓu, wurin wa ake fara kai shi, kuma ko masu maganin suna tura mutane asibiti da kansu. Kada ka rubuta sunan kowa, bayanin kawai nake buƙata.

Saurayin nan yanzu yana barci, ya fara taya yayansa zaman shago. Ka sa shi a addu'a. Ka gaida Baba da Hajiya da duk mutanen gida, iyalina ma suna gaisuwa.

Naka har kullum,
Habibu