Godiya ga likitocin mata da ma'aikatan ɗakunan gwaji na Asibitin Koyarwa na Tarayya, Katsina

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe likitocin sashen mata, da masu ɗaukar sikanin, da ma'aikatan ɗakin gwajin jini da na tsoka. Mu ma'aikatan jinya ne da unguwarzoma a ƙananan asibitocin Katsina da kewaye, masu turo muku mata da takarda a hannu. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke bin diddigin kansar ƙwan mace ba tare da gaggawar yanke hukunci ba.

Cutar nan ɓuya take yi. Ciki ya kumbura ya ƙi sauka, mace ta ƙoshi da loma kaɗan, mara ta riƙa ciwo, fitsari ya yawaita. Sai a yi watanni ana sayen maganin olsa a kemis. Ƙa'idar ita ce, in waɗannan alamu suna zuwa fiye da sau 12 a wata, musamman ga wadda ta kai shekara 50, a bincika ƙwai. Kuna kuma faɗa wa mata gaskiya cewa gwajin bakin mahaifa ba ya gano wannan cuta, don aikinsa a bakin mahaifa ya tsaya. Mata da yawa sun ɗauka wanda ya yi wancan ya huta da wannan.

Masu sikanin, Allah ya saka muku kan haƙurin bayani. Sikanin ta saman ciki yana son mafitsara a cike, kamar ledar fiya wata biyu awa ɗaya kafin a shiga, domin mafitsarar ta ture hanji gefe a ga ƙwai. Wanda ake yi ta gaba kuwa sai an yi fitsari tukuna, kuma shi ya fi nuna ƙananan ƙari. In aka rikita biyun, hoto ya lalace, mace ta koma gida da rahoton da bai ce komai ba. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya faɗi girman ƙarin da santimita, ko ruwa ne zalla ko akwai tsoka a ciki, ko ya rabu ɗaki-ɗaki, ko ɓangare biyu ya kama, ko ruwa ya taru a ciki. Jakar ruwa zalla da ba ta kai santimita 5 ba a jikin mai al'ada galibi takan baje da kanta bayan wata biyu ko uku, sai dai a maimaita sikanin.

Inda muka fi yaba muku shi ne gwajin jinin CA-125. Iyakarsa ga mai lafiya 35 ce, kuma wannan lamba ta sa mata da yawa kuka a banza, ta kuma kwantar wa wasu hankali a banza. Yakan hau ga kusan mata takwas cikin goma da cutar ta yi nisa, amma a matakin farko kusan rabi ne kawai yake nunawa. Saboda haka sakamako mai kyau bai wanke mace ba in sikanin ya nuna abin tuhuma. Sannan yakan hau ko da babu cutar kansa: lokacin al'ada, farkon ciki, ƙarin mahaifa, sanyin mara, ciwon hanta mai tara ruwa. Wanda ya fi ruɗarwa a ƙasarmu shi ne tibin ciki. Yakan zo da rama da ruwa a ciki da CA-125 mai ɗaruruwa, kamar cutar kansa sak, alhali magani ne na watanni ke warkar da shi. Likitan da ya tsaya ya tambayi zazzaɓin dare da tari a gida kafin ya ambaci cutar kansa ya ceci iyali daga tashin hankali.

Ga abokan aikinmu da ba su san lissafin da kuke haɗawa don auna haɗarin ƙarin ya zama cutar kansa ba: ana ninka makin sikanin da makin al'ada da adadin CA-125. Alamar tuhuma ɗaya a sikanin maki 1 ce, biyu ko fiye maki 3. Mai al'ada maki 1, wadda al'ada ta ɗauke wa maki 3. Dattijuwa mai alamu biyu da CA-125 na 40 ta samu 360, ta haura 200 ɗin da ake ɗauka abin damuwa. Matashiya mai alama ɗaya da CA-125 na 60 kuwa 60 ta samu, duk da jininta ya fi na dattijuwar hawa.

'Yan ƙasa da shekara 40 nasu daban ne. A fara da gwajin juna biyu, sannan a ƙara gwaje-gwajen jini na AFP da hCG da LDH, domin irin ƙarin da ke kama 'yan mata sau da yawa bai damu da CA-125 ba. In za a yi hoton CT a ga inda cuta ta kai, a duba aikin ƙoda kafin allurar da ke haska hoton.

Duk waɗannan tuhuma ce, hukunci yana ga mai duba tsoka da madubin likita. Mun gode da kuke jan kunne kada a soka allura a zuƙe ƙarin da ake zargi yana matakin farko, don in ya fashe a ciki ƙwayoyin cutar sun watsu, mataki ya ƙaru. Ruwan ciki ana iya ɗiba a duba, amma rashin ganin ƙwayoyin kansa a cikinsa bai kore ta ba. Tsokar da aka ciro kuma a saka ta nan take cikin famalin, wato ruwan maganin da ke hana tsoka ruɓewa, mai kashi 10 cikin ɗari, yawansa ya ninka tsokar sau goma, a mazubi mai faɗin baki, da suna da lambar kati. In aka zuba ta a ruwa ko aka bar ta a zafin Katsina, ta ruɓe kafin ta iso gare ku, tiyatar da aka yi wa baiwar Allah ta tafi ba amsa.

Muna jinjina muku da ba ku tura mata masu lafiya yin CA-125 kowace shekara. Binciken da aka yi a Birtaniya kan mata sama da 200,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, ya nuna tantance kowa da kowa bai rage mace-mace ba. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi kansar nono ko ta ƙwai ita ce ke buƙatar zama na musamman da likita, saboda gadon matsala a ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 da BRCA2, wadda ke ƙara haɗarin cutar.

Roƙonmu ɗaya ne: ku riƙa rubuta mana sakamako a bayan takardar da muka turo, da ranar da mace za ta koma, don mu bi ta har gida in ta makara.

Wassalam.

Daga ma'aikatan jinya da unguwarzoma, Katsina.