Godiya ga ma'aikatan sashen gashi da suka koya mini ciyar da ɗana

Assalamu alaikum.

Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake rubuto wannan wasiƙa zuwa ga ma'aikatan sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi, na asibitin gwamnatin da nake kai ɗana, musamman wata baiwar Allah da muke kira Sista.

Yarona shekararsa 4. Yana kwana 3 a duniya idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, a riƙa sa shi a hantsi ana ba shi jiƙo. Kafin mu je asibiti aikin gama ya gama. Ya shekara wuyansa bai tsaya ba. Wasu suka ce inna ce, wasu suka ce ɗan ruwa ne, har wata tsohuwa ta ce in ajiye shi a bakin kogi in juya baya.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Nakan kwantar da shi a cinya in yi masa ɗurar koko yadda iyayenmu suka yi mana. Sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya firfito, kokon ya biyo ta hanci. Sau 3 ana ba mu gado saboda namoniya, wato ciwon huhu. Wurare biyu na je kafin nan. A ɗaya ko ɗago kai ba a yi ba, aka rubuta maganin tari. A ɗayan kuwa, a gaban mutane aka ce ni ce na bar yaro da yunwa, ni da nake shafe awa guda a kan rabin kofi.

Sista cewa ta yi, "Maman yaro, ba shi abinci a gabana in gani." Ta jawo kujera ta zauna har na gama, ba ta yi mini tsawa ba. Sannan ta ce shawarar ce ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa tsokoki, abin da likitoci ke kira serebral palsi. Ba inna ba ce, ba a ɗauka, kuma raunin ba ya ƙaruwa. Harshe da leɓe da maƙogwaro su ma da tsoka suke aiki. Idan yana kwance, abu mai ruwa-ruwa kan gangara kafin hanyar iska ta rufe, ya sauka a huhu, wani lokaci ma ba tare da tari ba. Ashe ɗurar nan ce take mayar da mu asibiti.

Da hannunta ta zaunar da shi tsaye, ta tallafe kansa, haɓa ta ɗan yi ƙasa. Ta sa na dama kunun gyaɗa mai kauri, in ba shi da ƙaramin cokali, kada in ƙara sai na ga ya haɗiye, kuma ya zauna minti 30 bayan ya gama. Ta ja kunnena cewa kaurin da ya dace da shi ba lallai ya dace da ɗan wata ba, sai an duba.

Sai ta ajiye kofi da takalmi a gabansa, ta ce, "Ɗana, ina kofi?" Ya daɗe yana kokawa da wuyansa, sannan ya kafe kofin da ido. Wallahi kuka na fashe da shi. Shekara 4 ana kiransa ɗan ruwa a gabansa, ashe yana fahimta, bakin ne ya ƙi ba shi haɗin kai. Yanzu muna da kwali mai hotunan ruwa, tabarma da babansa, da ido yake nuna abin da yake so. Ta kuma ba mu takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano a gwada jinsa, don shawara mai tsanani tana taɓa kunne.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'arku.

Abin da ke damuna, na yi ta zuwa awo har na haihu, ba wanda ya taɓa ce mini idan idon jariri ya yi rawaya a garzaya asibiti a ranar. Masu koyar da magana kuwa sai birni, kuɗin mota kaɗai ya ishi talaka. A ƙauyenmu akwai yara biyu irin nawa a ƙuryar ɗaki, har yau ɗura ake yi musu. Ranar da za mu koma, da uwar ɗaya daga cikinsu zan zo.