Wasiƙar godiya ga masu gyaran kaske na kusa da kasuwar Wadata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga maigidan shagon gyaran kayan sauti da ke kusa da kasuwar Wadata a nan Yamai, da yaransa biyu.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Na san za ku ce wannan wasiƙa ba ta zama dole ba, tunda ranar da na zo karɓar kayana na yi ta godiya har kuka ce in bari haka nan. To amma godiyar baki iska ke tafiya da ita, kuma ina da abokan aiki da suka jefa kaske mai tsada, wato na'urar sauraro da ake ɗorawa a kai ta rufe kunnuwa, cikin kwali, suka haƙura da shi, don ba su san akwai mai iya taɓa shi a garin nan ba. Saboda su ne na ga gara in rubuta a fili. Ban sa sunanku ba tunda kun nuna ba kwa son haka. Wanda ya nemi kwatance wurina, ni zan kai shi da ƙafata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, aikina haɗa sauti ne. Ina yi wa masu shirye-shiryen rediyo da masu wa'azi montaj, wato yanka sauti da jera shi, kuma shekara biyu ke nan ina kwashe tsofaffin kaset-kaset da marigayi mahaifina ya ɗauka a wuraren biki a Tawa, ina mayar da su cikin kwamfuta kafin zafi ya gama cinye su. Kiɗan goge ne da gurumi da kalangu, sai hayaniyar mutane. Duk wannan aiki da kaske ɗaya nake yin sa, Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa lantarki), wanda yayana ya kawo mini na hannu daga Faransa. Kamfanin na Jamus ne, tun 1924 aka kafa shi a Balin, yanzu yana garin Heilbronn, kuma wannan samfurin tun 1985 ake ƙera shi, har yau yana cikin ɗakunan ɗaukar sauti na duniya. Kaya ne mai ƙwari. Ni ne na wahalar da shi. Wayarsa mai murɗe irin ta tsohon tarho, mai kai mita 3 in an ja, ƙafar kujerata ta taka ta ba sau ɗaya ba, har kunnen dama ya fara ɗaukewa yana dawowa. Gumin Afrilu da Mayu ya laƙume soson kunnen ya zama kamar waina. Ga kuma wani zizar-zizar da ke tashi a kunnen hagu duk lokacin da aka buga babbar ganga. Wuri biyu na kai shi kafin ku. Na farko ya ce in sayi sabo. Na biyu ya ɗauko gam, sai na karɓe abina na fita.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wurinku shi ne ba ku ɗauki turnabis ba. Kun ajiye kasken a kan tebur, kuka sa yaro ya zuba mini shayi, kuka fara tambayata. Awa nawa nake yi da shi a kai? Da tabarau nake aiki ko babu? Me na fi saurare, magana ko kiɗa? A ina yake fara yi mini ciwo, saman kai ko bayan kunne? Wallahi a raina na ce wannan mutum likita ne ko mai gyara. Sai daga baya na gane kowace tambaya akwai aikin da ta jawo.

Da kuka buɗe shi, kun ɗora mita a kan kowace lasifika, duka biyu suka nuna kusan om 250, kuka ce, “Alhamdu lillahi, zuciyar lafiya lau take, waya ce ta karye a ciki.” Sannan kuka saki wani sauti daga kwamfuta wanda ke farawa daga can ƙasa, wajen haz 20 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) inda kunnen mutum ke fara ji, yana hawa sannu a hankali. Yana cikin ƙasa-ƙasan nan zizar ya fito. Kuka ɗaga soson da ke rufe lasifikar, kuka haska fitila, kuka kira ni in duba da idona: gashi ne ƙwaya ɗaya, da ƴan ƙwayoyin rairayi da hazon hunturu ya shigar, suna kwance a kan fatar lasifikar mai sirantaka kamar ɓawon albasa. Da ɗan hantsaki kuka zare gashin, numfashinku a riƙe. Kusan wata shida ina zargin mai gangar da ke cikin kaset da sakin fata, ashe gashin kaina ne.

Maganar waya ba ta da tsawo. Kun huda kofin hagu, kuka dasa ƙaramar soket mai ƙafa uku, irin da ake kira mini XLR, hagu da dama da ta ƙasa, yadda in waya ta sake lalacewa sai dai in zare in sa wata. Na ga yadda kuke taɓa dalma ku ɗauke hannu nan take, kuna gaya wa ƙaramin yaronku cewa in ƙarfe ya daɗe a wurin, zaren nan mai kamar gashi da ke shiga lasifika zai narke, kuma shi ba ya gyaruwa. Amma abin da nake so mutane su ji shi ne wannan. Na zo da wata magana da na karanto a intanet, cewa wayar azurfa mai tsada tana buɗe sauti. Na ce ku nemo mini ita ko nawa ce. Kuka yi murmushi kuka ce, “Ƙanena, kuɗinka ne. Amma wayar tagulla mai kyau ta mita biyu, turjiyarta ga lantarki ba ta kai om ɗaya ba, kaskenka kuma om 250. Ni dai kunnena bai taɓa jin bambancin ba, kuma ba zan sayar maka da abin da ban ji ba.” Ciniki ne ya zo har gabanku kuka mayar da shi. A kasuwar da mai saye ke tsoron nuna yana da kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda muka daɗe shi ne wajen soson kunne, kuma nan ne na koyi abin da shekarun aikina ba su koya mini ba. Ni a tunanina soso don taushi ne kawai. Kuka nuna mini cewa rabin sautin kaske a wurin yake. Kaske rufaffe irin wannan yana riƙe ɗan ɗakin iska tsakanin lasifika da kunne, kuma ƙarfin sautin ƙasa ya dogara ne da yadda ɗakin nan ya rufu. In soso ya kwanta, lasifika ta matso kusa da kunne, ɗakin ya ƙanƙance, sauti ya sauya ba tare da mai shi ya sani ba, don kullum kaɗan-kaɗan yake sauyawa. In kuma sandar tabarau ta ɗaga soson ko da kaɗan, iska ta samu hanya, sai gangar ta rame. Kun sa na cire tabarau na saurara, na mayar na saurara, na ji da kaina.

Kun ba ni iri biyu in gwada. Na fata ya rufe ruf, kalangu ya cika kunne, har na ce shi nake so. Kuka ce in zauna da shi minti ashirin tukuna, kuka kashe fanka. Kafin lokacin ya cika gumi na bin wuyana, kuma na lura muryar mai wa'azin da na zo da ita ta yi kauri, kamar yana magana daga cikin randa. Na karammiski, irin wanda kasken ya zo da shi tun asali, bai kai wancan cika ba, amma yana shan iska, kuma murya na fita a inda take. A garin da zafi ke haura digiri 40 makonni a jere, wannan ba zaɓi ba ne mai wuya, sai dai da kun bar ni da minti biyun farko da na yi kuskure. Na karammiskin muka ɗauka, kuka ƙara ɗan soso mai laushi ta inda sandar tabarau ke bi. Kuka kuma ce in riƙa cire su ina wankewa da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, in shanya a inuwa. Ban taɓa sanin ana wanke su ba.

Sai maganar kaifi. Duk wanda ya san wannan samfurin ya san yana ɗaga siririn sauti na sama, kuma masu aikin sitidiyo da yawa don haka ma suke son sa, yana tona kowane aibi da ke cikin ɗauka. Amma mu Hausa harshenmu cike yake da sa da sha da tsa. Ka zauna awa biyar kana gyara wa'azin da kowane layi akwai tsarki da tsoron Allah da sassauci, ga kuma shuuu ɗin tsohon kaset a ƙarƙashi, za ka tashi kunnenka na yaji. Kun yanko faifai uku na matsattsen ƙyallen ulu, kaurinsu daban-daban, kuna sa wa a gaban lasifika ɗaya bayan ɗaya ina saurare ido a rufe, ba ku gaya mini wanne ne wanne ba. Mai kaurin ya kashe shuuu ɗin sarai, amma ya tafi da bakin goge, wannan ɗan kukan da izga ke yi in ta gogi ƴar'uwarta, ya bar shi kamar ana kiɗa a bayan bango. Na tsakiya ya yi daɗi ƙwarai, kuma da don shaƙatawa nake saurare da shi zan ɗauka. Kuka tuna mini cewa ni mai gyara ne, in kaske ya ɓoye mini aibi, mai sauraron rediyo ne zai ji shi. Muka tsaya a kan mafi siranta. Kun faɗi wata magana a nan da na riƙe: duk abin da aka ƙara wa kaske, akwai abin da aka rage masa. Kuma ba ku manna komai da gam ba, kun nuna mini yadda zan zare faifan in na canza ra'ayi.

Matsin kai kuwa, kun ɗan buɗa ƙarfen da hannu, kaɗan-kaɗan, kuna ɗora mini kuna tambaya. Matashin saman kai da ya tsage, mai maɓallai ne, kuka ɓalle shi kuka aika wa wani baduku a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ya fitar da irinsa da fatar jar akuyar Maraɗi. Fatar nan da ake fita da ita ƙasashen waje don laushinta, yau ga ta a kan kasken Jamus. Ɗinkin ya fi na asali kyau a idona, ko da yake warin jima ya yi mako guda bai bar ɗakina ba, har maiɗakina ta tambaya ko na fara sana'ar takalma.

Abu ɗaya ne na saya a wurinku bayan kuɗin aiki, wato ƙaramin ampili mai batiri, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Kun bayyana mini cewa kaske mai om 250 yana son ƙarfin lantarki fiye da abin da salula ko ƙaramar kwamfuta ke iya bayarwa, shi ya sa nake ƙure ƙara har ƙarshe amma ina jin gangar ba ta da jiki. Yanzu ko an ɗauke kuran aikina ba ya tsayawa. Da kuka miƙo mini shi kun haɗa da gargaɗi, cewa ƙarfi ya samu, kada in kashe kunnena da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma in an ƙara ƙara lokacin raguwa yake yi da sauri. Abin da na lura shi ne tun da kaifin ya ragu kuma gangar ta samu jiki, hannuna ya daina zuwa wajen ƙara sauti.

Kada a ce na yi ta yabo kamar maroƙi, bari in faɗi ɗaya. Kun ce kwana biyar, ya zama tara, na yi zirga-zirga sau biyu daga Yantala a banza cikin rana. Na biyun na ɗan ɓata rai, kuka ba ni haƙuri kuka ce baduku ne ya tafi ta'aziyya. Na yarda, amma Malam, a riƙa bugo waya.

Daren da na kawo shi gida na sa wani kaset da na saurara ya fi sau talatin, na wani biki a Tawa. Kullum ina ɗauka mai goge ɗaya ne. Ashe su biyu ne, na biyun yana can gefen dama, yana bin na farko a baya kaɗan, wani wuri kuma ya yi shiru ya bar mai duma. Na mayar da wurin sau huɗu. Washegari na buga wa gwaggona da ke Tawa, ta ce ƙwarai kuwa, mutumin da ɗansa yake yawo a lokacin, yaron yana koyo. Dole na koma na gyara bayanin da na rubuta a kan kaset bakwai.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a hannunku, ya raya yaran nan su gaje ku. Ku gaishe mini da ƙaramin, wanda ya riƙe fitila hannunsa bai motsa ba. Tsohuwar wayar mai murɗe na bar masa ita ya koyi dalma a kanta. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da wani abokin aikina, nasa kasken buɗaɗɗe ne, kuma ya riga ya rantse sai an sa masa wayar azurfa.

Naku,
mai haɗa sauti daga unguwar Yantala, Yamai.